TUN RAN GINI TUN RAN ZANE: WA ZAI DUBA GYARAN TASHOSHIN JIRAGEN RUWANMU?

Daga wani Jami'in Ilmi, Achilafiya, Ƙasar Kazaure

Kwanan baya muna zaune bayan sallar la'asar a ƙofar gidan wani dattijo nan Achilafiya, sai zance ya kawo mu kan niyyar da Gwamnatin Tarayya ta bayyana ta gyara tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na Ikko, watau Legas. Dattijon nan ya yi shiru yana saurare, can sai ya dube ni ya ce, "Malam, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu da tashar jirgin ruwa? Ai wannan zancen mutanen Kudu ne." Na ce masa, "Baba, Allah ya ja kwana, riɗin da ka sayar bara, ina ka ke tsammani ya tafi?" Ya ce an kai shi Kano. Na ce, "Daga Kano fa?" Sai ya yi murmushi, ya ce in ci gaba.

To, abin da na gaya wa Baba a ranar shi ne na ke so in shimfiɗa wa masu karatun wannan jarida, in kuma ƙara da abin da lokaci bai bar ni na faɗa ba. Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne wanda aiki ya kai ga duba makarantu. Amma wanda ya daɗe yana duba aikin mutane ba zai rasa abin faɗa ba in ana zancen dubawa.

INA RUWANMU?

Riɗi da zoɓon da a ke nomawa a Jihar Jigawa, daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura har Maigatari, mafi yawansu ba a nan a ke cinye su ba. Ana tara su a Kano, a ɗora su bisa manyan motoci, su yi tafiyar kilomita wajen dubu zuwa bakin teku, sa'an nan jirgi ya kwashe su. Riɗinmu na zuwa Japan da Turkiyya da Sin, zoɓonmu kuwa har Meziko. Haka kuma injin ban-ruwa da manomin rani ke ja, da babur ɗin da yaro ke haya da shi, da magunguna da yawa na asibiti, da alkamar burodi, ta bakin tekun nan su ke shigowa. In jirgi ya yi mako uku yana jiran wurin tsayawa, masu jirgi ba su yin asara, kuɗin jira su ke ɗora wa ɗan kasuwa. Ɗan kasuwa kuma ba ya haɗiye asarar, sai ya rage wa manomi kuɗin buhu, ya ƙara wa mai saye kuɗin kaya. Watau dai in bango ya tsage a Apapa, aljihun mutumin Achilafiya ne ke yoyo.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, a ka buɗe shi ga jama'a a 1912, arzikin ƙasar nan ya ɗauru da bakin ruwa. Dalar gyaɗar da iyayenmu ke ba mu labari, wadda ta sa sunan Kano ya cika duniya, ba ado a ka yi da ita ba, gyaɗa ce a ka jibge tana jiran jirgin ƙasa ya kai ta tasha. Yanzu ga shi an aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 1921 da ɗari, watau 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda a ka tsara zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Dukansu rassa ne, gindinsu yana bakin teku. In gindi ya ruɓe, ina amfanin reshe?

TSUFAN TASHOSHIN

A 1921 a ka fara gina wuraren tsayawar manyan jirage guda huɗu na farko a Apapa. Ta Fatakwal ma ta girme ta, don tun 1913 a ka soma ta saboda gawayin Inugu. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya an kafa ta da dokar 1954, ta kama aiki a 1955. Ita kuwa tashar Tin Can, wahala ce ta haife ta. A 1975 a ka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke ko kusa da wannan a shekara. Jirage fiye da 400 su ka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, siminti yana daskarewa cikin wasunsu. Wannan abin kunya ya sa a ka gina Tin Can cikin hanzari, a ka buɗe ta a watan Oktoba na 1977. Ke nan ƙaramar cikinsu ta doshi shekara hamsin, babbar kuwa ta haura ɗari. Ita kanta Hukumar ba ta ɓoye ba, shugabanninta sun sha faɗa a bainar jama'a cewa katangar bakin ruwa ta Tin Can ta lalace, tana bukatar gyara na gaske.

A 2023 a ka buɗe sabuwar tasha a Lekki mai zurfin mita 16 da rabi, a shekarar kuma a ka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku. Madalla. Amma sabon ɗaki ba ya hana tsohon ɗaki rushewa a kan masu kwana cikinsa, kuma har gobe kaya masu yawa ta tsofaffin tashoshin za su bi. Saboda haka gyara ya zama tilas, ban kuwa ji mai hankalin da ya yi musun wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne, in ana zancen gyaran, kowa sai ya tambayi nawa za a kashe, wa za a ba kwangila. Ban cika jin mai tambayar wa zai tsaya a kan aikin ba. Ni kuwa a ganina wannan tambaya ita ce uwa.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in faɗi laifina tukuna kafin in faɗi na wani. Shekarun baya an gina mana ajujuwa biyu a wani ƙauye, ba sai na ambaci suna ba. Ranar karɓar aiki na je, na ga fenti yana sheƙi, ƙofofi sababbi, allo baƙi wuluk. Mai gari ya yi godiya, yara su ka yi tafi, ni kuma na sa hannu cewa makaranta ta karɓi ajujuwanta. Hadarin farko na bazara ya kwashe kwanon gaba ɗaya ya jefar a gonar wani. Da na koma, sai na ga katakon rufin ba a ɗaure shi da bango ba, ɗora shi kawai a ka yi. Na sa hannu na murza bulo inda filasta ta ɓare, sai ya zube kamar garin tuwo. Da na bincika, sai na tarar wanda a ka ɗora wa duba ginin sau ɗaya ya taka ƙauyen, sauran takardun a ofis ya sa musu hannu. Allah ya kiyaye abin ya faru da dare, ba yaro a ciki. Amma yaran nan sun yi damina guda suna karatu a gindin bishiya, ran da a ka yi ruwa kuwa babu makaranta.

Darasin da na koya a ranar shi ne, mugun aiki ba ya zama a fuska, a ciki ya ke ɓuya. Wanda ya zo ranar buɗewa fenti zai gani. Wanda ya ke so ya san gaskiyar gini sai ya kasance yana tsaye ran da a ke kwaɓa siminti. To, in haka ta faru ga aji biyu a kan tudu, inda kowa ke iya miƙa hannu ya taɓa, yaya ke nan ga katangar da rabinta ke ƙarƙashin ruwan gishiri, inda ba mai gani sai kifi?

MENE NE AIKIN MAI DUBAWA?

A babban aiki mutum uku ne. Akwai mai aiki, watau Gwamnati ko Hukumarta, wadda ke biya. Akwai ɗan kwangila, wanda ke ginawa. Sa'an nan akwai injiniya mai dubawa, wanda ke tsaye tsakaninsu a madadin mai aiki. Ɗan kwangila ɗan kasuwa ne, riba ya fito nema, ba kuwa laifi ba ne. Amma duk buhun simintin da ya rage, da duk rodin da ya tsallake, riba ce a gare shi. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin irin wannan jarraba ta rinjaye shi. Don haka a ke ajiye wani wanda abincinsa da mutuncinsa ba su rataya ga ribar ɗan kwangila ba.

Aikinsa na farawa tun kafin a kafa ƙusa. Katangar bakin ruwa, wadda jirgi ke rabawa a sauke kaya, galibi faifan ƙarfe ne a ka kakkafa jere cikin ƙasa, ko ginshiƙan kankare, sa'an nan a ka ɗaure ta ta baya da sandunan ƙarfe da ke binne. Ruwan gishiri kuwa abokin gaban ƙarfe ne. Yana ratsa kankare sannu a hankali har ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Inda ya fi ciwo shi ne daidai wurin da ruwa ke hawa yana sauka, don nan gishiri da iska ke haɗuwa. In faifan ƙarfen ya huje, sai yashin da ke bayansa ya riƙa zurarewa cikin teku, a sami kogo a ƙarƙashin daɓe, sama kuwa lafiya lau a ido, har ran da za a ɗora nauyi ƙasa ta burma. Saboda haka mai dubawa na kirki zai fara da tura masu nutso su auna kaurin ƙarfen da ya rage, a huda kankare a ciro samfuri a gwada, a haƙa ƙasa a san irinta. Likita ba ya yanka sai ya san ciwo.

In aiki ya kankama, shi ne zai duba yashi da tsakuwa da ruwan kwaɓi, don yashin da ke da gishiri guba ne ga gini. Shi ne zai auna tazarar da ke tsakanin rodi da fuskar kankare, wadda a aikin teku a kan so ta kai inci biyu zuwa uku, ya kuma ƙi yarda a zuba kankare sai ya ga rodin da idonsa, domin da zarar an zuba, magana ta ƙare. Daga kowane zubi a kan ɗebi kaɗan a yi 'yan dunƙule, a matse su a inji bayan kwana 7 da bayan kwana 28, a ga ko sun kai ƙarfin da a ka yi alkawari. In ana kafa ginshiƙi, yana ƙidaya bugun da a ka yi da zurfin da ya shiga. Yana tabbatar da an liƙa dunƙulen alminiyam ɗin nan da a kan manna wa ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, waɗanda tsatsa ke ci a maimakon katangar. Kullum yana rubuta abin da ya gudana cikin littafin aiki. Babban makaminsa kuwa alƙalami ne: ba a biyan ɗan kwangila sai shi ya sa hannu cewa an yi aikin, an kuma yi shi daidai. A kan riƙe wani kaso na kuɗin, kamar biyar ko goma cikin ɗari, har a ga yadda ginin zai yi cikin wa'adin da a ka yanka, galibi wata 12.

GYARA YA FI SABON GINI WUYA

Kowane magini a ƙasar nan ya san ɗaga sabon ɗaki ya fi sauƙi bisa ga ɗora bene a kan tsohon soro. Haka abin ya ke a tasha. Jiragen yanzu sun fi na 1977 girma nesa ba kusa ba, suna bukatar ruwa mai zurfi. Amma in ka yashe ƙasa a gindin tsohuwar katanga don ka ƙara zurfi, ka kwashe abin da ke tokare da ƙafarta ke nan, sai ta sunkuyo. Injunan ɗaga kwantena na zamani kuma sun fi nauyin abin da a ka lissafa wa daɓen tun farko. Ga shi zanen ginin na asali sau da yawa ya ɓace, ko kuwa an yi canje-canje ba a rubuta ba. Bugu da ƙari ba za a rufe tasha don ana gyara ba, jirage na shiga suna fita, ana aiki a gefe.

Ma'anar wannan ita ce, kullum sai an tarar da abin da ba a zata ba, kullum kuma sai ɗan kwangila ya zo ya ce, "Ga sabon aiki ya ɓullo, a ƙara kuɗi." Wani lokaci gaskiya ya ke faɗa, wani lokaci kuwa ƙofar ɓarna ce. Wa zai rarrabe? Ba Minista ba, ba akawu ba, ba ɗan jarida ba. Sai injiniyan da ke wurin ran da a ka tono abin. In babu shi, ko kuwa akwai shi amma ɗan kwangila ne ke ba shi mota da gida da na cefane, to an ba kura ajiyar nama. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Akwai kuma wata matsala. Tun 2006 a ka ba kamfanoni hayar wuraren sauke kaya, Hukuma ta zama mai gida, su kuma 'yan haya. Kowa ya san halin gidan haya: ɗan haya ya ce gyaran bango na mai gida ne, mai gida ya ce ɗan haya ne ya ɓata. Kafin su gama gardama damina ta yi aikinta. Ya kamata tun yanzu a rubuta dalla-dalla wanda zai riƙa duba katangar bayan an gama gyara, da sau nawa a shekara, da wanda za a kai wa rahoto.

DARASIN BARO

Mu 'yan Arewa muna da namu misali, ba sai mun je Ikko ba. Baro, a bakin Kogin Kwara cikin Jihar Neja, tsohuwar tasharmu ce. Daga nan a ka faro layin dogon Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, jiragen ruwa na kawo ƙarafan dogo ta kogi. Amma manyan jirage ba su isa Baro sai lokacin cikar kogi, kuma da a ka gama gadar Jebba a 1916, kaya su ka koma bin dogo kai tsaye zuwa Ikko, Baro ta yi ta dusashewa. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro, wadda ta ci kusan Naira biliyan 6. A ka yi murna, mu ma mun yi.

Sai me? Shekaru su ka shuɗe bayan bikin, jaridu na ta ba da labarin tasha a kulle, ba jirgin kaya, ciyawa na cin fili. Hanyar mota da ta taso daga Agaie ba a gama ta ba, tsohon dogon Minna zuwa Baro ya daɗe da mutuwa, kogi kuwa ba ya daina tara yashi don an taɓa yashe shi sau ɗaya. Ban ce ginin tashar ba shi da kyau ba. Abin da na ke cewa shi ne, an duba ɗaki, ba a duba ƙofa ba. Dubawa ta gari ba ta tsaya ga ƙarfin kankare kaɗai ba, sai an sami wanda zai dubi aikin ɗungurungum, ya ce, "Wannan tasha ba za ta yi amfani ba sai hanya da dogo da kogi sun zo tare," a kuma saurare shi. Mu da layin Maraɗi zai ratsa ƙasarmu, wannan darasi namu ne kafin ya zama na kowa.

Sauraren ma shi ne rabin aikin. A tashar Bairut ta ƙasar Labanan an ajiye tan 2,750 na wani sinadari mai fashewa cikin sito shekara da shekaru. Ma'aikata sun rubuta takardun gargaɗi, takardun su ka kwanta a ofisoshi. Ran 4 ga Agusta 2020 abin ya tashi, mutum fiye da 200 su ka halaka. A nan gida mun ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, mun ga ta Alau a 2024 da abin da ta yi wa Maiduguri. Ginin da ke riƙe da ruwa ba ya yafe sakaci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

MASU CEWA A'A

Na san akwai masu cewa kuɗin mai dubawa ƙarin nauyi ne a kan talaka. Amsata ita ce, ladan mai dubawa ɗan kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin aikin, kuma ajujuwan nan biyu da na ba da labari sau biyu a ka biya kuɗin rufinsu. Araha ba ta ado. Kuɗin irin wannan gyara kuwa yawanci bashi ne, wanda 'ya'yanmu za su biya. Zalunci ne a bar musu bashi, a kuma bar musu katangar da ta rushe kafin a gama biyansa.

Wasu kuma su ce mai dubawa yana jawo jinkiri. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Akwai mai dubawan da ke riƙe takarda don a zo a gan shi, akwai kuma matsoracin da ba ya iya yanke magana sai ya tambayi na sama. Mu ma a aikin ilmi muna da irinsu. Amma maganin mugun alƙali shi ne a naɗa na kirki, ba wanda ya taɓa cewa a rushe kotu. A yanka wa mai dubawa kwanakin da zai amsa kowace takarda, in ya wuce a tuhume shi. Jinkirin kwana 28 na jiran sakamakon gwaji kuwa, wannan ba jinkiri ba ne, haƙuri ne irin na mai dafa dutse.

ABIN DA NA KE ROƘO

Na farko, a ɗauki injiniyoyi masu dubawa dabam da ɗan kwangila, ta hanyar gasa a fili kamar yadda dokar sayen kayan Gwamnati ta 2007 ta tanada, kuma Gwamnati ce za ta biya su kai tsaye, a kan lokaci. Ko da ƙasar da ta ba da bashi ta ce sai kamfaninta zai yi aikin, kada a yarda ita ce kuma za ta kawo mai dubawa.

Na biyu, a ba mai dubawa ikon tsayar da aiki da ikon cewa a rushe a sake, kada kuma wani babba ya ɗaga waya ya warware abin da ya ƙulla, sai dai a rubuce, da sunansa a ƙasa.

Na uku, a bayyana sunan kamfanin da ke dubawa da na babban injiniyansa, a riƙa buga taƙaitaccen rahoton aikin kowane wata uku, har da Hausa da sauran harsunanmu, don mai biyan haraji ya san inda a ka kwana. In aiki ya lalace ta dalilin sakaci, Majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wadda a ka kafa tun 1970, ta karɓe takardar wanda ya sa hannu. Wanda za a yaba wa in an yi daidai, shi ya kamata a kama in an yi kuskure.

Na huɗu, in an gama, a karɓi zanen abin da a ka gina na haƙiƙa, a adana, a kuma ware kuɗin dubawa da gyara na kowace shekara. Kakanninmu da su ka yi ginin ƙasa sun san wannan sarai. Ba mai gidan da ke barin damina ta same shi bai yi yaɓe ba, bai gyara indararo ba. Sarakuna kuma ba su bar gini haka sakaka ba, sun naɗa Sarkin Magina wanda za a tambaya in soro ya faɗi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 shaida ne cewa sanin gini da tsayawa a kansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Na biyar, wanda ya fi kusa da zuciyata, a sa yaranmu cikin aikin. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu a nan Kazaure, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga ta Ahmadu Bello a Zariya, duk suna yaye masu ilmin gini. A sa sharaɗi cikin kowace kwangila, ta tasha ce ko ta dogo, cewa kowane babban injiniya zai riƙe matasa a gefensa tun daga farko har ƙarshe. Dubawa ba a koyonta a allo kaɗai, sai an sha rana, an ga yadda a ke cewa "ban yarda ba" ga mutumin da ya fi ka kuɗi. Mu kuma malamai da iyaye, nauyinmu ne mu riƙe yara a kan lissafi da kimiyya tun suna firamare, mu kuma koya musu cewa sa hannu a takarda shaida ce, shaidar zur kuwa mun san matsayinta a addini. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ina kira ga wakilanmu na Majalisar Tarayya daga wannan yanki, in an kawo zancen kuɗin gyaran nan gabansu, kada su ce na mutanen bakin teku ne su yi shiru. Su tambayi wa zai duba, wa zai biya shi, wa zai karanta rahotonsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da na gama yi wa Baba bayani a ranar, ya jinjina kai ya ce, "Ashe dai gona ce, Malam. In ka ba 'yan ƙodago aiki ka koma gida ka kwanta, ciyawa za su binne maka." Na ce, "Baba, ka taƙaita abin da na kwashe sa'a guda ina faɗa." Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu masu dubawa masu tsoronsa, amin.